An sa hannu a Pretoria, me ya sa yunwa ba ta bar Tigray ba?

Ɗalibin Zariya:

Assalamu alaikum. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina kuma fatan waɗanda suka fi ni sanin al'amuran gabashin Afirka za su warware mini ita. A ranar 2 ga Nuwamba, 2022 ne gwamnatin Habasha da ƙungiyar TPLF, wadda ke mulkin yankin Tigray na arewacin ƙasar a lokacin, suka sa hannu kan yarjejeniyar dakatar da yaƙi a birnin Pretoria na Afirka ta Kudu, a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, kuma tsohon shugaban Nijeriya Olusegun Obasanjo ne ya jagoranci masu shiga tsakani. Na tuna yadda aka yi ta yaba wannan sulhu a lokacin. Amma tun daga nan, duk sa'ad da sunan Tigray ya fito a labarai, ba abin da ke biyo bayansa sai maganar yunwa, da tamowa, da mutanen da har yanzu suke kwana a sansani. Idan bindiga ta yi shiru, hanya ta buɗe, me zai hana manomi komawa gonarsa ya ci da kansa? Wani abokina yana cewa ƙungiyoyin agaji ne suke jan lamarin da gangan don kada kasuwarsu ta mutu. Ban yarda da shi ba, amma kuma ban sami hujjar da zan rufe masa baki da ita ba.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka tana kan hanya, sai dai ka ɗauka cewa manomin da yaƙi ya kora zai koma ya tarar da gonarsa da kayan aikinsa yadda ya bar su, alhali a nan ne matsalar take.

Ka fara duba lokacin da aka soma yaƙin. A farkon Nuwamban 2020 ne wuta ta tashi, wato daidai kaka, amfanin gona yana tsaye ko yana kan masussuka, a shekarar da fara ta riga ta yi ɓarna a yankin. Akasarin mutanen Tigray, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan shida, ƙananan manoma ne da ke zaune a kan tsaunuka, damina ɗaya suke dogara da ita daga Yuni zuwa Satumba, kuma da garmar shanu suke huɗa. Suna noma alkama da sha'ir da dawa, da kuma tef, wata ƙwaya ƙanana mai kama da acca wadda ake yin abincinsu na yau da kullum da ita. A ƙauyuka da yawa sojoji sun ƙone rumbuna, sun yanka shanun huɗa ko sun kora su, sun karya garemani. Mutumin da ya rasa sansa biyu bai rasa nama ba, ya rasa abin da zai buɗe ƙasa da shi, kuma babu wata takarda da aka sa wa hannu a Afirka ta Kudu da za ta haifa masa maraƙi. Ko da an ba shi iri kyauta, sai ya jira maƙwabcin da sansa ya tsira ya gama nasa aikin kafin ya ara, ya yi shuka a makare, ya girbe abin da ba zai kai shi rabin shekara ba.

Sannan akwai ƙawanyar da aka yi wa yankin. Bayan da dakarun Tigray suka sake kama Mekele, babban birnin yankin, a ƙarshen Yunin 2021, an yanke musu lantarki da wayar tarho da intanet, an rufe bankuna, an hana shigar mai. Mutum yana da kuɗinsa a banki amma ba shi da hanyar cire ko sisi, ma'aikatan gwamnati kuwa, har da likitocin asibitin Ayder da ke Mekele, sun yi fiye da shekara ba albashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ana buƙatar manyan motoci 100 na kayan agaji su shiga kowace rana, amma daga tsakiyar Disamban 2021 har zuwa farkon Afrilun 2022 babu ayarin da ya isa Mekele ta hanyar mota. A irin wannan hali mutane suna cinye iri, su sayar da akuya, su sayar da kwanon rufin ɗaki, su ci bashin da ba su san ranar biyansa ba. Obasanjo da kansa ya ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu a yaƙin za su kai 600,000, kuma da yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba. Waɗanda suka rayu sun fito ne hannu rabbana.

Gaskiya ne cewa yarjejeniyar ta kawo sauƙi. A tsakiyar Nuwamban 2022 motocin ƙungiyar Red Cross suka shiga Mekele da magunguna, a Disamba aka mayar da lantarki, jiragen fasinja suka dawo kafin shekarar ta ƙare, makarantu kuma suka soma buɗewa a 2023 bayan yara sun yi kusan shekara uku a gida, tun rufewar annobar korona. Amma damina ta farko da manoma suka samu cikin kwanciyar hankali, wato ta 2023, sai ta zo da fari mai tsanani a sassa da dama na Tigray. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Babban ƙullin kuwa shi ne yammacin Tigray, wato yankin Humera da Welkait, ƙasa mai albarka inda ake noman ridi da dawa. Tun farkon yaƙin dakarun yankin Amhara mai maƙwabtaka da Tigray suka kama shi, suna cewa asali nasu ne aka ƙwace, aka kuma kori ɗaruruwan dubban mutanen Tigray daga can. Yarjejeniyar Pretoria cewa kawai ta yi za a warware batun yankunan da ake taƙaddama a kansu bisa tsarin mulkin ƙasa, ba ta faɗi rana ba. Waɗannan korarru su ne ka ji ana cewa suna cushe a sansanoni da azuzuwan makarantu a Shire da Aksum da Adwa da Mekele. Ba lalaci ne ya zaunar da su ba, wasu ne ke noma gonakinsu.

Inna Mai Jinya:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara sani. Ni zan yi magana ne a kan zargin da abokin ƙanena ya yi, domin na yi shekaru ina aikin jinyar yara masu tamowa tare da wata ƙungiyar agaji, ko da yake ba a Habasha ba, kuma ba zan yarda a wanke masu agaji tas ba, kamar yadda ba zan yarda a ɗora musu laifin yunwar ba.

Abin da ya faru a 2023 ya isa misali. An gano cewa ana karkatar da abincin agaji da yawan gaske, ana ganin buhunan alkamar da aka rubuta ba na sayarwa ba ne jibge a kasuwanni, ana kai wasu kamfanonin niƙa. Sai hukumar agaji ta Amurka, USAID, da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya suka dakatar da rabon abinci a Tigray, aka bayyana hakan a watan Mayu, a watan Yuni kuma aka faɗaɗa dakatarwar zuwa Habasha baki ɗaya. Ba a dawo da rabo sosai ba sai wajen ƙarshen shekarar, bayan an sake tsarin rajistar masu karɓa da na bin sawun motoci. Ku lura da watannin da aka rufe rumbun, sun haɗa da damina har zuwa kafin kaka, lokacin da abincin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Waɗanda suka saci alkamar ba su kwana da yunwa ko dare ɗaya ba, tsohuwar da ke azuzuwan Shire ce ta biya bashin. A farkon 2024 hukumar karɓar koke-koke ta gwamnatin Habasha da kanta ta tabbatar da mutuwar mutum 351 saboda yunwa a Tigray da wasu 44 a Amhara, kuma waɗannan su ne kaɗai waɗanda bincikenta ya kai gare su. A ganina an yi daidai da aka binciki satar, amma an yi kuskure babba da aka rufe kowane famfo lokaci guda ba tare da an tanadi wata hanyar kai wa mafiya rauni ba.

Ina so kuma a bambanta wannan sata da abin da talaka ke yi da rabonsa. Idan aka ba mace alkama tsaba da ɗan mai da wake, ba a ba ta kuɗin niƙa ba, ba gishiri, ba itacen girki, ba sabulu, dole ta ɗebi kwano biyu ta kai kasuwa. Baƙon da ya ga wannan buhu a kasuwa sai ya ce ga ɓarayi nan, alhali uwa ce take neman yadda za ta mayar da tsaba abinci. Saboda haka ne yawancinmu muka fi son a ba mutane kuɗi a hannu a inda kasuwa ke ci, amma wannan ma sai banki yana aiki kuma akwai hatsin saye.

Game da lafiya, ƙungiyar likitoci ta MSF ta zagaya cibiyoyin lafiya 106 a Tigray daga ƙarshen 2020 zuwa Maris 2021, ta tarar an wawashe kusan kashi 70 cikin ɗari, kashi 13 cikin ɗari ne kaɗai ke aiki yadda ya kamata. Wanda bai yi wannan aiki ba zai ɗauka gyaran asibiti shi ne a shafa fenti a kawo gadaje. Firjin ajiye allurar rigakafi da aka fasa yana nufin yaran da aka haifa cikin shekara biyu ba a yi musu rigakafin ƙyanda ba, ƙyanda kuwa ita da tamowa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Muna da wani ɗan zare mai launi uku da muke zagaya damtsen yaro da shi. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari. Sai a ba uwar ƙunshin abincin gyaɗa na musamman na mako guda ko biyu. Sau da yawa takan dawo yaron bai ƙara nauyi ba, idan ka zauna da ita a hankali sai ta sunkuyar da kai ta ce akwai yayyensa uku a gida suna kallonsa yana ci. Ban taɓa iya yi wa irin wannan uwa faɗa ba. Muddin babu abinci a tukunyar gida, maganin yaro ɗaya rabawa za a yi.

Shi kuwa abokinka, ƙanena, ka gaya masa cewa akwai ɓarnar kuɗi a wannan harka, akwai manyan motoci da manyan albashi da taruka a otal waɗanda ni ma suna ba ni haushi. Amma ka tuna masa cewa a watan Yunin 2021 an kashe ma'aikatan MSF uku a Tigray suna bakin aiki, kuma akasarin masu ɗaukar buhu da masu awon yara 'yan yankin ne da su ma danginsu ke cikin layin karɓar abinci.

Ɗan Gadarif:

Gaisuwa ga Malam da Inna. Ni Bahaushen Sudan ne, a jihar Gadarif aka haife ni, kakanninmu a nan suka yada zango a kan hanyar Makka, saboda haka wannan yaƙi a bakin ƙofarmu aka yi shi. A makonnin farko mutane sun riƙa tsallako kogin Setit, wanda su suke kira Tekeze, suna shigowa ta Hamdayet, har adadinsu ya kai wajen 60,000. Aka sake buɗe musu sansanin Um Rakuba, wanda ya taɓa karɓar 'yan Habasha lokacin yunwar shekarun 1980, daga baya aka ƙara na Tunaydba a farkon 2021.

Abin da nake so ɗan'uwa mai tambaya ya gane shi ne, waɗannan ba baƙi ba ne a wurinmu. Da ma duk shekara leburori daga Habasha suna zuwa yankan ridi da dawa a manyan gonakin Gadarif, kuma Humera da mu ƙasa ɗaya ce ta baƙin laka, iyaka ce kawai ta raba. Na san wani dattijo daga cikinsu da nake saye da sayarwa da shi kafin yaƙi, mutum ne mai tarakta da ɗakin ajiya cike da ridi. Bayan shekara guda na gan shi a kasuwa yana dakon kaya, da ya hango ni sai ya juya fuska, ni ma na yi kamar ban gan shi ba don kada in ƙara masa nauyi. Daga baya da muka zauna shan shayi na tambaye shi ko zai koma tun da an yi sulhu, sai ya ce ya san wanda ke kwana a ɗakinsa a yanzu, ya san kuma wanda ke tuƙa taraktarsa, to ya koma ya ce masa me?

Rayuwar sansani a nan ba sauƙi. Ƙasarmu idan ruwa ya sauka takan zama taɓo mai kama ƙafa, mota ba ta shiga, kuma a daminar 2021 iska da ruwa sun yi ta kwashe tantuna. Dawa ake ba su, su kuwa sun saba da tef, sai matansu suka koyi sarrafa ta kusan yadda muke yin kisra, wato siririyar wainar dawa ta Sudan. Sannan a ranar 15 ga Afrilu, 2023 namu yaƙin ya ɓarke tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, sai 'yan ƙasa da kansu suka kwararo Gadarif, makarantu suka cika, farashin komai ya tashi, ƙungiyoyin agaji suka raba ɗan abin da ke hannunsu gida biyu. Waɗanda suka gudo mana neman tsira sai ga su a tsakanin wuta biyu, gaba yaƙin Sudan, baya gidan da ba su da ikon shiga.

Ɗalibin Zariya:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Inna, da Yaya na Gadarif. Yanzu na fahimci cewa dakatar da yaƙi daban, mayar da mutum kan ƙafarsa daban. Amma wata tambayar ta taso mini. Na san tun Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ma ta rushe hukumar USAID, alhali a da ita ce kan gaba wajen ciyar da mabuƙata a Habasha. Idan kuɗin waje yana janyewa, shin akwai abin da mutanen Tigray da gwamnatin ƙasarsu za su iya yi da kansu, ko kuwa sai dai a zuba wa sarautar Allah ido?

Tsohon Malami:

Akwai, ɗana, kuma ba sabon abu za a ƙirƙiro ba. Kafin yaƙin nan Tigray tana cikin wuraren da ake misali da su wajen farfaɗo da ƙasar da ta gaji. Shekara da shekaru mutanen ƙauyuka suna fita aikin gayya da rani, suna jera duwatsu a jikin tsaunuka don tare zaizaya, suna haƙa ramukan tara ruwa, suna killace wasu filaye daga kiwo har itatuwa su dawo. Tun 2005 gwamnatin Habasha take da wani shiri da ake biyan matalautan karkara da kuɗi ko hatsi a madadin irin wannan aiki, a watannin da abinci ke yanke musu. Suna kuma da ƙungiyar agaji tasu ta gida, REST, wadda aka kafa tun 1978 lokacin yaƙi da gwamnatin soja ta Derg, ta san kowane lungu na yankin. Ilimin yana nan a kawunan mutane. Abin da ya ɓace shi ne jari, da aminci, da kuma matasa, domin waɗanda za su ɗauki duwatsun su ne yaƙi ya ci ko ya naƙasa.

Batun matasan ma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Mayaƙan Tigray sun haura dubu ɗari biyu, kuma sai a Nuwamban 2024, shekara biyu cif bayan Pretoria, aka soma shirin karɓar makamansu da sallamarsu a hukumance, da niyyar farawa da 75,000. Saurayin da aka sallama da ɗan kuɗin da ba zai sayi sa ɗaya ba, ya koma ƙauyen da babu aiki, ko dai ya bi hanyar Jibuti da Yaman zuwa Saudiyya, ko ya faɗa ramukan haƙar zinariya, ko ya jira wanda zai sake miƙa masa bindiga.

Su kuma shugabannin ba su taimaka ba. Ƙungiyar TPLF ta dare gida biyu tsakanin ɓangaren Debretsion Gebremichael da na Getachew Reda, wanda ya shugabanci gwamnatin riƙon ƙwarya ta yankin daga Maris 2023, har aka maye gurbinsa da Janar Tadesse Werede a Afrilun 2025. Sojojin Iritiriya, waɗanda suka yi yaƙin a ɓangaren gwamnatin Habasha amma ƙasarsu ba ta cikin masu sa hannu a Pretoria, ba su fice daga wasu yankunan kan iyaka irin su Irob ba. A maƙwabciyarsu Amhara kuma tun 2023 ake gwabzawa tsakanin sojan tarayya da mayaƙan Fano, abin da ya sa hanyoyin da kaya ke bi suka zama masu haɗari. Babu mai zuba kuɗinsa a gina madatsar ruwa ko masana'anta a wurin da kowa ke sauraron ƙarar harbi na gaba.

Idan ka tambaye ni abu ɗaya da zai fi rage yawan masu jiran buhun agaji, ba tare da an nemi ko dala ɗaya daga waje ba, zan ce a warware batun yammacin Tigray. A tsakiyar 2024 an mayar da wasu korarru yankunan Tselemti da Raya, abin da ya nuna cewa idan Adis Ababa ta so, ana iyawa, ko da yake da yawa daga cikin waɗanda suka koma sun tarar da gidaje a rushe, ba asibiti, ba makaranta. Humera da Welkait ne aka kasa taɓawa, domin duk wanda gwamnati ta bai wa, ta sayi faɗa da ɗaya ɓangaren.

Inna Mai Jinya:

Malam, ka yi mini afuwa in ƙara abu guda da ba a ambata ba, domin idan mu mata ba mu faɗa ba, yakan wuce a shiru. An yi wa mata da 'yan mata fyaɗe da yawan gaske a wannan yaƙi, kwamitin ƙwararru da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ya tabbatar da haka, kuma ya ce dukkan ɓangarorin sun aikata laifukan yaƙi, amma aka bar wa'adin kwamitin ya ƙare a Oktoban 2023 ba tare da an sabunta shi ba. Irin waɗannan mata suna buƙatar tiyata, da maganin cututtukan da aka sa musu, da wanda zai saurare su a ɗaki a rufe, wasu kuma suna goye da 'ya'yan da dangi suka ƙi karɓa. A duk inda na yi aiki, idan kuɗi ya ragu, wannan ɗakin ne ake fara rufewa kafin a taɓa rumbun hatsi, saboda ba a iya ɗaukar hotonsa a nuna wa masu bayarwa. Ko an mayar da Humera gobe, matar da aka yi wa wannan aika-aika a can ba za ta hau motar komawa ba sai ta san ko wanda ya yi mata yana nan a garin da bindigarsa.